Akwatin Raspberry Pi mai siffar tsohon gem: wanne ya dace, kuma zai jure zafin Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mazaunin Samaru ne. Ƙanena ya bar mini wata 'yar kwamfuta Raspberry Pi 4, ya ce ana iya mayar da ita gem irin na da. Na ga wani akwatinta a intanet, baƙi, sak Segar da muka buga muna yara, an rubuta masa MEGAPi. Akwai kuma mai kama da Nintendo. So nake in haɗa wa yara a falo. In sayi na Segan? Kuma akwatin nan yana da wani amfani ban da kyau?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Dakata, kada ka tura kuɗin wancan tukuna, don allonka, wato ita Pi 4 ɗin, ba zai shiga cikinsa ba.

MEGAPi ɗin da ka gani, na kamfanin Retroflag, an yanka shi ne daidai jikin Raspberry Pi 3. Abin da ke ruɗar mutane shi ne Pi 3 da Pi 4 girmansu ɗaya, milimita 85 a tsawo, 56 a faɗi, ramukan sukurunsu ma wuri ɗaya suke. Bambancin yana bakin allon. Pi 3 tana shan wuta ta ƙaramin bakin caja irin na tsofaffin wayoyi, tana da babban ramin HDMI guda ɗaya. Pi 4, wadda ta fito a 2019, ta koma bakin USB-C, ta zo da ƙananan ramukan HDMI guda biyu, sannan aka yi musanyar wuri tsakanin ramin wayar intanet da ramukan USB. Da Pi 5 ta zo a 2023 aka sake juya su, aka kuma cire ramin iyafis gaba ɗaya. In akwatin roba ne zalla, sai in ce ka ɗauki zarto ka faɗaɗa rami. Waɗannan kuwa suna da nasu ƙaramin allo a ciki, da gajerun wayoyi da aka auna daidai inda kowane rami yake. Ka fara zarta shi, ka ɓata akwati, kuma wayoyin ba za su kai ba. Saboda haka duk mai sayen kesin, kamar yadda muke ce masa a kasuwa, ya fara karanta sunan da aka buga a jikin allonsa kafin ya kalli hoton talla.

Na Pi 4 daga wannan kamfani akwai NESPi 4, shi ne mai kamar Nintendon da ka gani, akwai kuma PiStation mai siffar PlayStation ta farko. Na san ba su ne zuciyarka ke so ba. Mu nan kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa riƙe Nintendo ta ainihi, waccan mai ruwan toka da aka fitar a Amurka a 1985. Abin da ya iso mana kwaikwayonta ne, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa dubu kaza, ka kunna ka tarar wasa goma ne suke ta maimaita kansu. Sega ce muka sani da idonmu, ita ce aka yi wa layi a shagon gem, wanda aka cinye ya miƙa hannu ga na bayansa. Su masu ƙera akwatunan kasuwarsu suka bi. A ƙarshen 2016 Nintendo ta fitar da 'yar ƙaramar NES mai wasa 30 a ciki, ta yi wuyar samu, a watan Afrilun 2017 kuma aka dakatar da ita na wani lokaci. Waɗanda suka rasa sai suka koma haɗa tasu da Pi 3, daga nan kasuwar akwatin ta buɗe. Zan dawo kan yadda za ka sami siffar Segarka, akwai hanya.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi. E, yana da amfani, amma yana da nasa haraji. Da zarar ka sa allo a irin wannan akwati, wutar da yake sha da iskar da yake shaƙa duk sun koma hannun akwatin.

Fara da wuta. Idan allon yana tsirara, caja kai tsaye take shiga bakinsa. A cikin akwati kuwa cajar tana shiga ramin akwatin ne, wutar ta bi ta maɓallin kunnawa, ta bi ta siraran wayoyi, sannan ta isa allon, a yawancinsu ta kan 'yan ƙusoshin nan 40 da ke jere a gefe. Kowace mahaɗa tana cin rabonta. Lissafin ba wuya: in duk hanyar ta tara turjiya om 0.2, allon kuma yana jan am 2, ka yi asarar bolt 0.4. Cajarka mai bolt 5 ta zama 4.6 kafin ta isa. Ita kuwa Pi, da wuta ta sauka ƙasa da kusan 4.63 za ta fara ƙorafi, ta nuna alamar walƙiya ko gargaɗi a kusurwar talabijin, ta rage gudunta. Sai ka ga wasa yana tsinkewa, sauti yana kakarewa, hannun gem yana mutuwa yana dawowa, ka ɗauka allon ne ya lalace. Dalilin ke nan da ya sa cajar da masu Raspberry Pi suke yi da kansu take ba da bolt 5.1, am 3 ga Pi 4. Wannan ɗan ɗigon da ke sama shi ne guzurin hanya.

Kada rubutun jikin cajar waya ya yaudare ka. Da yawa daga masu cajin gaggawa ƙarfin da suke taƙama da shi a bolt 9 ko 12 suke ba da shi, in sun gaisa da wayar da ta san yarensu. Pi 4 bolt 5 kawai take karɓa. Ka duba ƙananan rubutun bayan cajar, layin da ya fara da 5V, ka ga am nawa aka sa a gabansa. Igiyar ma ta zama gajera mai kauri. Rabin allunan da ake kawo mini da sunan sun lalace, igiyar caja ce mai kama da zaren ɗinki. Na taɓa ɓata yini guda a kan wani akwati marar suna, na sauya memori, na sauya manhaja, ashe maɓallin kunnawar ne kawai yake shanye wuta. Da na ɗora mita a kansa, kunya ta kama ni.

Gargaɗi ɗaya a nan, ka riƙe shi da kyau. Filogin da ke hawa kan ƙusoshin nan yana da gaba da baya. Ƙusoshin saƙo na Pi bolt 3.3 suke ɗauka. Ka juya filogin, ko ka zame da layi ɗaya, bolt 5 ya shiga inda ba gidansa ba, allon ya tafi ke nan, ba mai gyaran da zai dawo maka da shi da kuɗin da ya fi sayen sabo sauƙi. Ka dubi hoton takardar da ta zo da shi sau biyu, ka ƙirga ƙusoshin da yatsa, sannan ka jona wuta.

Babban abin da akwatin yake ba ka shi ne maɓalli. Pi 4 da duk na gabanta ba su da maɓallin kashewa, sai a Pi 5 aka sa. Ga yara kuwa, in sun gama wasa zare caja za su yi. Kwamfuta ce, ba rediyo ba, tana rubutu a kan memori ko da ba ka gani, in ka katse ta a tsakiyar rubutu wata rana za ka kunna ta tsaya a baƙin allo. Akwatunan farko ma maɓallinsu yanke wuta kawai yake yi, kamar ka zare caja da ado. Daga baya aka gyara, shi ya sa za ka ga NESPi Case mai alamar tarawa a gaban sunansa. A irin waɗannan, in ka danna maɓallin sai ya aika wa kwamfutar saƙo ta rufe wasa, ta adana abin da take rubutawa, ta kashe kanta, sannan wutar ta yanke. Amma ba ya yin haka da kansa daga kwali. Akwai ɗan makunni a kan allon cikin akwatin da za ka tura zuwa ON kafin ka rufe, akwai kuma 'yar manhaja da za ka girka, wadda take bukatar intanet na 'yan mintoci. Mutane da yawa sun sayi akwatin saboda wannan, sun shekara suna amfani da shi ba su taɓa kunna shi ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka danna maɓallin, in hoto ya ɗauke nan take kamar an hura fitila, bai yi aiki ba. In ya ɗan jinkirta 'yan daƙiƙoƙi yana rufe abubuwa, ya yi.

To amma ni da kai mun san ba yara ne kaɗai ke zare wuta ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, maɓallin nan ba abin da zai tsinana maka. Wanda ya ƙera shi bai zauna a Samaru ba. In kana da inbata ko sola a gida, ka jona gem ɗin a layinsu, abin da yake ci bai taka kara ya karya ba, wat 15 ne iyakar cajar tasa. Fawa banki ma yana yi in yana iya ba da am 3, sai dai yawancinsu in kana cajinsu kana kuma ja daga gare su, lokacin da wuta ta tafi sukan ɗan ƙifta, wannan ƙiftawar kuma ta isa ta sake tayar da kwamfutar. Ka yi amfani da shi shi kaɗai, ka yi cajinsa daban. In za a juya gida zuwa janareto, a kashe gem tukuna. Zaɓin manhajar da za ta riƙa kunna wasannin ma yana taimakawa. RetroPie ta fi suna, amma ga gidan da wuta ba ta da tabbas na fi son Batocera, domin ainihin manhajar a kulle take, ba a rubutu a kanta yayin wasa, sai ɓangaren ajiyarka kawai. Ba ta hana ɓarna ɗungurungum, tana dai rage ta. Duk wadda ka zaɓa, ranar da ka gama saita komai ka kwafi memorin gaba ɗayansa a kwamfuta ka ajiye.

Sai zafi, wanda a wurina shi ne alƙalin maganar. Ƙwaƙwalwar Pi in ta kai digiri 80 takan fara rage gudu don ta ceci kanta, a 85 ta rage sosai. Ba za ta ƙone ba, amma wasa zai koma tafiyar hawainiya. Waɗanda kake gani a bidiyo suna yabon akwati suna cewa ko fanka ba ya bukata, a ɗakin da bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba suke gwajinsu. Kai kuma falonka, a watan Maris ko Afrilu, ƙarfe uku na rana, ƙarƙashin kwano, iskar ɗakin kanta tana iya doshin 38. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan shi ne yake hawa kan ƙwaƙwalwar. Abin da ya nuna musu 65 kai zai nuna maka 80 da wani abu. Ga shi Pi 4 ta fi Pi 3 zafin jiki, ga roba ba ta fitar da zafi, riƙe shi take yi kamar kular abinci. Don haka a Zariya ba a tattauna batun fanka. Ka manna ƙarfen shan zafi a kan ƙwaƙwalwar, ka ɗaura fankar, ka tabbata tana juyawa. NESPi 4 yakan zo da su a kwalinsa, amma ka karanta jerin kayan kafin ka biya, masu sayarwa sun bambanta.

Inda za ka ajiye shi ma rabin aikin ne. Kada ka ɗora shi kan dikoda, ita ma tanderu ce. Kada ka kulle shi cikin durowar gilashi ta ƙarƙashin talabijin, kada a ajiye shi kan kafet ko katifa, ramukan iskar wasu a ƙasa suke. A kuma roƙi uwargida ta yafe masa ɗan kyallen adon nan da ake rufa wa kayan kallo, aƙalla lokacin da yake kunne. Idan kana so ka tabbatar, ka bar wasan PlayStation ya yi rabin awa da tsakar rana, sannan ka duba zafin. Manhajojin suna nuna shi a shafin bayanin na'ura, a RetroPie kuma sai ka rubuta vcgencmd measure_temp. In bai kai 70 ba, ka kwanta da minshari. In yana wasa da 80, akwai gyara.

Fanka kuma da nata. Da hunturu ya shigo, ƙurar nan mai laushi kamar gari ita take zuƙowa ta jibge a kan allon. 'Yar fankar milimita 30 ce ko kusa da haka, ba ta da ƙarfin faɗa da ƙura, za ka ji ta fara kuka kamar sauro, daga nan ta tsaya ba sallama. Ka buɗe akwatin sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya bayan ya wuce, ka share da busasshen burushi mai laushi. Ka sayi fanka ta biyu tun yanzu ka ajiye, ba ta da tsada, nemanta ne wahala. Gaskiyar da masu talla ba za su faɗa maka ba ita ce, ta fuskar sanyi kawai, akwatin alminiyom irin Flirc ko Argon ONE ya fi waɗannan dacewa da ƙasarmu, don jikinsa shi ne ƙarfen shan zafin. Sai dai ba wanda zai shigo falonka ya gan shi ya ce kai, ina ka samo wannan? Kai kuma abin da kake nema ke nan, ban ga laifinka ba.

Kaset ɗin da ke shiga gaban NESPi 4 ba na wasa ba ne, gidan faifan ajiya ne, SSD mai inci 2.5. Dabara ce mai kyau, amma ba ka bukatarsa yanzu. Wasannin Nintendo na da ko megabait ɗaya yawancinsu ba su kai ba, na Sega da wuya su wuce 4, na PlayStation ne masu ɗan nauyi tunda faifan CD ne. Memori mai gigabait 32 ko 64 ya ishe ka, ga shi faifan ƙarin wuta zai ja daga cajar da muke lallaɓawa. Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne memorin ya zama na gaske. Jabu ya yi yawa, a rubuta 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Akwai 'yar manhajar kyauta, H2testw, da ke cika shi ta karanta ta faɗa maka gaskiyarsa. Hannuwa kuma ka sayi masu waya. Ba caji, ba jinkiri, ba ɓata a ƙarƙashin kujera. In wasannin faɗa na Sega kake hari, nemi mai maɓalli shida a fuska.

Ba ka faɗi irin talabijin ɗinka ba. In ta bango ce, kana bukatar igiya mai ƙaramin kan HDMI a gefe ɗaya, babba a ɗayan, ka sa ta a ramin da ya fi kusa da na wuta. Ka shiga saitin hoton talabijin ɗin ka zaɓi yanayin gem, in ba haka ba za ka danna tsalle sai bayan ka faɗa rami ɗan wasan ya yi. In tsohuwa ce mai ƙeya, Pi 4 tana fitar da hoto ta ramin iyafis, amma a kashe yake sai an kunna shi a saiti, a kuma zaɓi PAL, tsarin da talabijin ɗinmu suke bi. Igiyar mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba kowace ke yi ba, jerin zobban kanta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ka gwada kafin ka biya.

Yanzu Segarka. Hanya ta farko, ka nemi Pi 3 ta hannu ka sayi MEGAPi ɗin. Ta ishi wasannin Nintendo da Sega har da PlayStation ta farko, ba ta kai Pi 4 zafi ba. Amma sayen allo na biyu don akwati kawai, kamar sayen doki ne don ka tsinci linzami. Hanya ta biyu ita na fi so. Ka zaga wurin masu gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari ko Tudun Wada, ka tambayi mataccen gem, Sega ko kwaikwayonta, wanda aka fid da rai da shi. Ƙwaryar kawai kake so. Cikinta fili ne, allon zai zauna ya miƙe ƙafa, iska na zagayawa, har babbar fanka mai shiru za ta shiga. Za a ɗaure allon a kan 'yan ƙafafun roba, a jawo ramukan USB zuwa gaba da gajerun igiyoyi, na HDMI zuwa baya, caja kuma ta shiga bakin allon kai tsaye, ka ga matsalar faɗuwar wuta ta kau. Maɓallin kashewa ma ba sai da allon kamfani ba. Maɓalli mai komawa in an sake shi, irin na RESET da ke jikin Segar, a haɗa shi tsakanin ƙusa ta 5 da ta 6, a ƙara layin dtoverlay=gpio-shutdown a fayil ɗin config.txt in RetroPie kake amfani da ita. Dannawa ɗaya ta kashe lafiya, wata dannawar ta tashe ta. Duk yaron da ya iya riƙe dalma zai yi maka shi a yini ɗaya. Roƙona kawai, in ka ci karo da Sega ta ainihi mai rai, kada ka farke ta, tun 1988 aka fara yin irinta kuma an daɗe da dainawa.

In wani ɗalibi ya ce zai buga maka akwati da injin ɗab'in roba, yana yiwuwa, zanen irin waɗannan suna nan kyauta a intanet. Ka tambaye shi irin robar. PLA, wadda aka fi amfani da ita, tana fara laushi a wajen digiri 60, ka manta ta a mota a rana ka dawo ka tarar ta lanƙwashe. PETG ta fi ta juriya.

Ka kuma shirya wa yaran zuciya. Akwatin fanko yake zuwa, ba allo, ba wasa ko ɗaya a ciki, wasannin kuma har yau suna da masu haƙƙinsu, tsufa bai sa sun zama na kowa ba. In ƙwallon PlayStation 2 suke sa rai, Pi 4 ba za ta ja ta ba ko a wane gida ka sa ta. Kafin ka yi oda ka haɗa kuɗin akwati da na kawowa da caja da hannuwa biyu da memori da igiya, don akwatin shi kaɗai ne ake nuna maka farashinsa.

Ni da a matsayinka nake, da allon da ke hannu, NESPi 4 zan ɗauka in ina son abin da zan haɗa da sukundireba kawai a zama ɗaya, ƙwaryar Sega kuma in ina da haƙurin yawon nema. Ranar da kayan suka iso, ka fara tayar da allon tsirara a kan tebur da cajar da memorin, ka ga komai yana aiki, don in matsala ta ɓullo daga baya ka san daga akwatin take. Ka zare memorin kafin ka zura allon a ciki, ɗan kansa da ya leƙo waje yana karyewa in ya ci karo da bakin roba. Ka jona wayoyin, ka kunna shi a buɗe ka ga fanka ta juya, ka gwada maɓallin kashewa, sannan ka rufe. Sukurun kuma cikin roba suke shiga, da ka ji sun tsaya ka tsaya, in ka ƙara rabin juyi ramin ya zarce.